Daren Da Aka Yi Tashe A Filin Makarantarmu

A wannan wata mun ajiye alli da littafin darasi, muna so mu taɓa wata magana wadda da yawa daga cikin manyanmu suke ganin ba ta kai a ɓata mata tawada ba, wato maganar wasa. Muna nufin wasan kwaikwayo da kiɗa da barkwanci irin waɗanda ake yi ido da ido a nan garinmu Gadarif, ba waɗanda ake kallo a cikin waya ba. Abin da ya tayar da maganar kuwa, wata tambaya ce da wata yarinya 'yar aji shida ta yi mana shekarun baya, muna tsakiyar shirya wasan ƙarshen shekara. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, shin ana iya yin masrahiyya da Hausa, ko an hana?" Muka yi dariya, sauran yara ma suka yi. Amma da muka koma gida sai dariyar ta ƙi zama, domin yarinyar nan da Hausa take mafarki, da Hausa uwarta take yi mata faɗa, ga shi kuwa ba ta taɓa ganin an hau dandamali da harshen ba, har ta ɗauka wata doka ce ta hana.

Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san garin nan fuska biyu gare shi. Idan damina ta sauka, baƙar laka ta kama takalmi, Khor Abu Farga ya cika ya batse, to ba mai maganar wasa. Maza suna gonaki, masu kuɗi suna lissafin man tarakta, talaka yana lissafin kwanakin ƙwadago. Tun da Turawan Ingila suka soma noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, rayuwar garin nan take bin riɗi da dawa sau da ƙafa. Amma da zarar an yanke riɗi, an fara kai buhuna kasuwar amfanin gona, sai ka ga gari ya canja kama. Kuɗi sun shigo aljihu, auren da aka ɗage tun bara an sa masa rana, mai lasifika ya hau raksha yana zaga unguwanni, daga Daim an-Nur zuwa Daim Bakur, yana shelar cewa mawaƙi wane ya iso daga Hartum. Muna yara, ba mu da kuɗin tikiti, katanga ce kujerarmu. Wanda ya fi tsawo shi zai hau ya riƙa ba na ƙasa labari, kuma sau da yawa labarinsa ya fi abin da ake yi a ciki daɗi.

Gaskiyar magana, babban dandamalin garin nan ba wani gini ba ne, gidan biki ne. A tare titi da rumfa, a jera kujerun roba, a tayar da janareta, mai organ ya zauna a tsakiya. A nan mawaƙin unguwa yake gwada muryarsa, a nan mai ban dariya yake sanin ko zai ci abinci da bakinsa ko kuwa gara ya koma gona. Mu da muka taso a shekarun 1990 mun kuma san ƙarfe 11 na dare. Dokar nan ta nizamul am ta sa kowace hafla sai ta tashi a wannan lokaci, mawaƙi yana tsakiyar baiti za ka ga uban ango yana duba agogo yana zufa. Gidajen silima ma a zamanin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya a faɗin ƙasar. Sai a ƙarshen 2019 aka soke dokar, amma har yau akwai dattijon da idan 11 ta yi zai miƙe ya naɗe rawaninsa, jiki ya riga ya saba.

To, ina mu Hausawa a cikin wannan duka? Nan ne abin yake da ɗaure kai. Waƙar da ta fi kowace kai sunan garin nan nesa, wadda ake kira Simsim al-Gadarif, da muryar 'yarmu duniya ta san ta. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Fallatiyya, 'yar malami ce Bahaushe daga cikin waɗanda suka baro ƙasar Sakkwato a kan hanyar hajji. Mahaifinta bai so waƙar ba, kamar yadda iyayenmu da yawa ba za su so ba ko a yau. Duk da haka ta tafi Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai, ta shiga Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940 lokacin da ake ganin shigar mace wurin abin kunya ne, ta yi wa sojoji waƙa a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙanwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata udu. Ta yi waƙa da Larabci ta kuma yi da Hausa. Ta rasu a 1974. Ka tambayi yaranmu goma a aji, tara sun san waƙar, amma da wuya ka sami biyu da suka san mai waƙar tasu ce. Mun gwada, ba sau ɗaya ba.

Wasan kwaikwayo kuwa, ta ƙofar makaranta ya shigo mana. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa tun zamanin Bakht ar-Ruda, wadda aka buɗe a 1934, malaman Sudan suke ɗaukar wasa a matsayin darasi, ba ɓata lokaci ba. An gina babban masrah na ƙasa a Umdurman a 1959, amma mu na lardi ba shi muka sani ba. Abin da muka sani shi ne tebura huɗu a haɗe, a rufa musu tabarma, a rataya zanin gado a matsayin labule, da kuma gasar daura madrasiyya wadda take sa ƙaramar makarantar ƙauye ta yi mafarkin zuwa babban birni. Sannan akwai al-Fadil Sa'id, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya ƙi zama a Hartum ya riƙa ɗaukar 'yan wasansa gari gari, har ajali ya same shi a Bur Sudan a 2005 yana kan wannan yawon. Wa zai manta da Bit Gudaim, tsohuwar nan mai baki kamar reza, wadda namiji ne a cikin tufafinta? Kakanninmu mata da Larabcinsu bai taka kara ya karya ba, su ma dariya suke har da hawaye, domin kowace unguwa tana da irin wannan tsohuwa.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka ba mu zo da namu ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da jama'ar Mai Wurno, wasu daga baya da niyyar hajji ƙafa da ƙafa, ba Alƙur'ani da fartanya kaɗai suka ɗauko ba. Sun zo da kalangu da goge, sun zo da dambe da kokawa, sun zo da Gizo da Ƙoƙi. Sun zo da labarin 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai alhali tuwo da miya suke yi wa tafsiri. Sun kuma zo da tashe. Muna ƙanana, idan azumi ya kwana 10, sai mu nemo auduga mu liƙa a haɓa, mu cusa tsumma a ciki ya zama tumbi, mu bi gida gida bayan an sha ruwa. Wani ya zama tsoho mai tari, wani ya zama boka mai jakar magani, wani malamin da aka kama yana rawa. A ba mu dawa ko dabino ko 'yan kuɗi. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa abin da muke yi shi ne masrah. A wurinmu masrah abu ne mai labule, mai Larabcin littafi, wanda ake ba da kofi a kansa. Namu kuwa shirmen yara ne.

Laifin wa? Za mu faɗi namu tukuna. Mu Hausawa muna son kiɗa, amma ba ma son makaɗi ya nemi 'yarmu. Dattijon da zai saurari kaset ɗin Shata daga la'asar har magariba, shi ne zai ɗaga sanda idan ya ji ɗansa ya taɓa kalangu, ya ce a zuriyarsu ba maroƙi. Da finafinan Kano suka fara isowa, muka cika rumfunan kallo muna biyan kuɗi don mu ga Ibro, yara suka haddace maganganunsa kamar karatun allo, ranar da labarin rasuwarsa ya zo a Disambar 2014 har ta'aziyya aka yi wa juna a kasuwa. Amma da wani saurayi a unguwarmu ya tara abokansa suka fara gwada irin wannan a bayan gida, sai aka kai ƙararsa wurin kawunsa. Wato dariya halal ce idan daga Kano aka yo ta, idan ɗan maƙwabci ne ya yi ta kuwa, ya lalace.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ciwo. Shekaru da dama ƙungiyoyin masu nukta sun yi tashe a ƙasar nan, irin waɗanda mutum huɗu ko biyar za su jeru a gaban makirfo, kowa ya jefo labarin wata ƙabila. Kowa yana shan rabonsa, ba mu kaɗai ba, wannan gaskiya ne. Wani dare a wata hafla a nan garin, mun je da wasu ɗalibanmu, sai ɗaya daga cikin masu wasan ya ɗaura ɗan zani, ya ɗauki tire kamar mai sayar da agashe, ya fara Larabcin da harafin ain da ha ba sa fita, yana mayar da mace namiji. Fili ya ɗauka da dariya. Mu ma mun yi, ba za mu yi ƙarya ba, domin mutumin ya iya. Da muka waiga sai muka ga wani yaronmu, wanda mahaifinsa da agashen nan yake biya masa kuɗin littafi, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa. Kwana uku bai buɗe baki a aji ba.

Ba muna cewa a daina yi mana barkwanci ba ne. Mu da muke da wasan Katsinawa da Gobirawa, da na jika da kaka, da na taubasai, ba mu ne za mu ce kada a taɓa mu ba. Amma wasan taubasai yana da sharaɗi, wato wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, a fili ɗaya, a gaban mutane ɗaya. Idan kullum kai ne a kan tebur, ɗan uwanka kuma kullum a ƙasa yana biyan kuɗin shiga, to wannan ba taubasantaka ba ce.

Wannan ne ya sa a shekarar da yarinyar nan ta yi tambayarta muka ƙudura sai mun gwada. Muka rubuta ɗan gajeren wasa, rabi Larabci rabi Hausa, kamar dai yadda ake magana a gidajenmu. Labarin wata tsohuwa ce da jikanta ya kai ta asibiti yana yi mata tafinta, yana sauya duk abin da ta faɗa don kada likita ya raina su. Ta ce ta sha saiwar itace, ya ce ta sha shayi. Yara suka yi wata guda suna maimaitawa a gindin dogon yaro. Ranar tantancewa, ɗaya daga cikin alƙalan ya saurara na minti biyar, ya ɗaga hannu ya ce wasan yana da kyau, amma a cire rotana a mayar da shi harshen da kowa yake ji. Ba mu yi gardama ba, kuma wannan rashin gardamar yana cikin abubuwan da muke jin kunyarsu har yau. Muka mayar da shi Larabci tsantsa. To, idan tsohuwa tana jin Larabci, me tafinta zai yi? Wasan ya mutu a tsaye, muka zo na kusa da ƙarshe, yarinyar da ta fito a tsohuwa ta ce ba za ta sake ba.

Daga nan abubuwa suka yi nauyi. A Yulin 2022 aka yi rikicin Nilu Shuɗi, aka kashe 'yan uwanmu da yawa, jama'armu suka fito kan titi a nan Gadarif da Kasala da sauran garuruwa. A irin wannan lokaci wa zai kawo maganar wasa? Sai kuma yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilun 2023. Aka rufe makarantu. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, sai ga motoci da manyan lori da masu tafiya a ƙasa, dare da rana. Bayan wata shida na Sinja suka biyo baya. Azuzuwanmu suka koma ɗakunan kwana, iyali biyu ko uku a aji guda, an raba da zannuwa, allon da muke rubuta jadawalin sau a kansa ya koma wurin rataya kaya. Mu malamai, ba albashi a kan kari, muka koma masu rubuta sunaye da rabon ruwa, a garin da ko da lafiya ma ruwa yake wahala.

A cikin waɗanda suka sauka a makarantarmu akwai wani mutum mai furfura, ba ya yawan magana, kullum yana zaune a kan angarib yana gyaran wani tsohon udu da ya tsira da shi. Ashe ya yi karatu a makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo ta Hartum, wadda aka kafa tun 1969, ya kuma yi shekaru yana aiki a dandamali. Shi ne ya lura yaran sansanin sun daina wasa. Ba su faɗa, ba su guje-guje, idan babur ya yi ƙara sai su kwanta a ƙasa. Ya ce mana, "Ya ustaz, yaran nan suna bukatar su yi ihu da izini." Ya fara tara su da la'asar, yana sa su kwaikwayi jaki, su kwaikwayi mai shayi, su kwaikwayi direban da ya tsawwala musu kuɗi a hanya. Yaran unguwa suka fara leƙe ta taga, daga baya suka shigo.

Azumin 2024 ya same mu a haka. Wata rana muna hira da shi bayan tarawihi, muka ba shi labarin tashe, muna yi muna ɗan jin nauyi kamar mai nuna tsohuwar riga. Mutumin nan ya miƙe zaune. Ya yi ta tambaya: wa yake rubutawa? Muka ce ba kowa. Ina ake yi? Muka ce ƙofar gida. Su wa ake kwaikwaya? Muka ce malami da boka da tsoho da gwauro, duk wanda ya cika ɗaukar kansa da nauyi. Ya ce su a Hartum sun yi shekaru suna karanta littattafan Turawa a kan wasan titi, ashe ga shi a bayan katanga.

Matsalar ita ce mu kanmu mun manta rabin abin. Sai muka tafi wurin wata tsohuwa a unguwarmu wadda ta haura shekara 80. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka ce, "Iya, tashe muka zo ki tuna mana." Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Malam, da girmanka? Yunwar azumi ce ta taɓa ka?" Amma kafin mu tashi ta rera mana guda shida, tana tafi da hannuwanta masu rawa, tana gyara mana inda muka karkace, har ta aika jikarta ta ɗauko ƙwarya da ludayi.

Daren 20 ga azumi aka yi shi. Babu lantarki, sai fitilun waya da wata fitila mai caji da aka rataya a ƙarfen tuta. Babu labule. Yaran Hausawa suka fito da gemun auduga suna yi da Hausa, wani yaro ɗan Madani mai bakin tsiya ya tsaya a gefe yana fassarawa, yana ƙara nasa gishirin. Da aka zo wurin boka mai jakar magani, sai yaron da ya fito a bokan ya bar abin da aka koya masa, ya fara tallar maganin jiran layin ruwa da maganin tsadar gawayi da maganin mai gidan haya. Wata mata 'yar Umdurman, wadda tun zuwanta ba wanda ya ga haƙoranta, ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye kuka, matan unguwarmu suka rungume ta. Mai udu ya ɗauki Simsim al-Gadarif, fili duka ya amsa, na gida da baƙi. Da aka gama sai ya tsaya ya gaya musu ko 'yar wace ce ta yi waƙar. Mun ga yaranmu suna duban juna.

A ƙarshe muka sa aka maimaita wasan tsohuwa da jikanta, yadda aka rubuta shi tun farko. Yarinyar da ta rantse ba za ta sake ba, a lokacin ta zama budurwa, ita ta karɓi zanin da kanta. Ba wanda ya nemi a cire komai. Waɗanda ba sa jin Hausa sun fi kowa dariya, domin fuskar tsohuwar kaɗai ta isa ta gaya musu jikan ƙarya yake yi. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka taɓa kai ƙarar saurayin nan wurin kawunsa yana zaune a sahun gaba. Bai ce komai ba, amma da ƙwarya ta zo wucewa ya jefa dabino.

Kada mu ƙara wa miya gishiri. Dare ɗaya ne, bai tsayar da yaƙi ba, bai cika tulun kowa ba, washegari aka koma layin ruwa. Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, sannan Hartum a watan Maris, baƙinmu da yawa suka ɗaure kaya. Mai udu ma ya tafi, ya bar mana wani littafin rubutu cike da darussan motsa jiki da murya, da rubutunsa mai wuyar karantawa. Aka share azuzuwa, aka koma karatu, yara sun yi asarar lokaci mai yawa, kuma duk malamin da ya ce zai ɗauki awa guda don wasa sai an harare shi, ba kuma za mu ce masu hararar ba su da hujja ba.

Duk da haka mun roƙi la'asar ɗin Alhamis, an ba mu. Yara 14 ne suke zuwa, biyar daga cikinsu ba Hausawa ba ne, kuma su ne suka fi naci a kan sai an koya musu karin daidai. Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne tsofaffin. Iyar da ta tuna mana guda shida ta rasu bayan sallar layya ta wannan shekarar, kuma mun tabbata ta tafi da wasu shidan da ba mu tambaya ba. Saboda haka muna roƙon masu karatu na Kasala da Mai Wurno da Damazin da ƙauyukan bakin kogin Rahad, duk wanda yake da kaka ko kakan da ya yi tashe ko ya ga 'yan kama da idonsa, ya zauna da shi da waya ko da biro, ya ɗauka, ya aiko ta hannun wannan mujalla. Ko guntu ne muna so. Akwai wani na gwauro da muka sami farkonsa, har yanzu muna neman wanda ya san yadda yake ƙarewa.